Harafi Guda a Cikin Jini: Emasi da Maganar Magani Daidai Jikin Mutum

(Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawar matasa a Yamai. Mun sa shi nan kamar yadda aka yi shi, da ƴan gyare-gyare kaɗan.)

Na gode wa waɗanda suka shirya zaman nan, da waɗanda suka ƙetaro gada daga Harobanda cikin wannan zafi.

An ce in yi magana kan ilimin ƙwayoyin gado, da yadda binciken da ake yi a kansa yake komawa magani a gadon asibiti. Na san da jin taken wani ya ce a ransa: wannan ai hirar Turawa ce, mu da ko farasitamol sai an yi lissafi kafin a shiga farmasi. To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Ina so in nuna muku cewa ƙasashe kaɗan ne wannan ilimi ya shafa kamar yadda ya shafi Nijar, kuma rabin amfaninsa yana nan kusa da hannunmu, a farashin da bai fi ƙarfin ƙasa ba.

Mu fara daga tushe. Jikin kowannenmu ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare a nannaɗe, wanda masu Faransanci ke kira ADN, masu Ingilishi su ce DNA. A kan zaren akwai rubutu da haruffa huɗu kacal: A, C, G, T. Haruffa wajen miliyar 3 ka gada daga uwa, wasu miliyar 3 daga uba. Kofi biyu ke nan na littafi guda. A cikinsa aka rubuta yadda jininka zai kasance, da yadda hantarka za ta narkar da magani. Daga 1990 zuwa 2003 masana daga ƙasashe da dama suka haɗu suka karanta wannan littafi karon farko, aikin ya ci kusan dala miliyar 3. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Yau karanta littafin mutum guda bai kai dala 1,000 ba.

Alƙawarin da aka yi wa duniya a lokacin shi ne: tunda an iya karanta littafin, za a daina ba kowa magani iri ɗaya da awo ɗaya. Za a duba jikinka a ɗinka maka naka. Kun san bambancin wanda ya je wajen tela aka auna shi da wanda ya sayi bosho a kasuwa. Rigar bosho tana rufe jiki, amma an yanka ta ne a kafaɗar wani.

To a kafaɗar wa aka auna magungunan duniya? Wata ƙididdiga da aka wallafa a 2019 ta duba manyan binciken da ake yi na neman alaƙar ƙwayoyin gado da cututtuka. Kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi binciken a kansu ƴan asalin Turai ne. Ƴan asalin Afirka wajen kashi 2. Alhali a Afirka ɗan Adam ya fi daɗewa, don haka a nan bambancin gado ya fi yawa. A 2020 masanan shirin H3Africa suka karanta littafin mutum 426 kawai daga ƙabilu 50 na nahiyar nan, suka tarar da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Kada ku ɗauka wannan gori ne na masana. Yana shigowa har cikin takardar analis ɗinka. Mafi yawanmu ƴan Afirka ta Yamma ba mu da wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Duffy. Wanda ba shi da ita, adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jininsa yakan fito ƙasa da na Bature, kuma lafiyarsa lau. Idan labo yana amfani da ma'aunin da aka tsara a Turai, sai a ce jininka ya faɗi, a rage maka magani ko a tsayar da shi ba gaira ba dalili. Akwai kuma ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ya yi yawa a yankinmu, musamman ga maza. Mai shi yana zamansa lafiya har ranar da ya sha wani irin magani, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su farfashe, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayi. A 2008 an janye wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Lapdap, wanda don Afirka aka yi shi, saboda wannan matsala.

Amma babban zancenmu na yau shi ne amosanin jini, wanda muke ce wa emasi, ƴan uwanmu na Najeriya su ce sikila. Ba na jin akwai wanda ke zaune a nan da bai san gidan da cutar take ba.

A cikin haruffa miliyar 3 ɗin nan, emasi harafi guda ne. A kan zare na 11, a wurin da aka rubuta yadda za a haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, inda ya kamata a ga A sai aka ga T. Shi ke nan. Wanda ya gaji wannan canji daga iyaye biyu, shi ne SS. Idan iska ta yi ƙaranci a jininsa, jajayen ƙwayoyin da ya kamata su zama zagaye masu laushi sai su sandare su lanƙwashe kamar lauje. Su cushe ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, ƙashi ya ɗauki ciwon da manya ke kuka da hawaye a kansa. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai emasi kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa kullum cikin ƙarancin jini yake.

Wanda ya gaji S daga ɓangare guda kuwa, wato AS, ba mara lafiya ba ne. Ƙari ma yake da shi: tun 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa AS na samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan shi ne dalilin da ya sa harafin ya yaɗu a duk inda sauro ya yi sansani. Kakanninmu da suke ɗauke da shi sun fi tsira a damina, suka haihu, suka bar mana. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa canjin ya fara ne a jikin mutum guda wajen shekara 7,300 da suka wuce, mai yiwuwa a Sahara, zamanin da take da tafkuna da ciyawa. Duk wanda ya taɓa ganin hoton raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus, arewa da Agadas, ya san hamadar nan ta taɓa zama kore.

Abin da ke ci mini rai shi ne tsufan wannan ilimi. An bayyana cutar a littafin likitoci tun 1910 a Shikago. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa matsalar a cikin sinadarin jinin take, kafin 1960 an gano daidai gurbin da ya canza. Babu wata cutar gado da ɗan Adam ya riga sanin sirrinta kamar wannan. Amma wani ƙiyasi da aka wallafa a 2023 ya ce a shekarar 2021 kaɗai an haifi jarirai sama da 500,000 da ita a duniya, wajen kashi huɗu cikin biyar a Afirka kudu da Sahara. A Amurka da Ingila sama da tara cikin goma na waɗannan yara suna girma su zama manya. A wuraren da ba gwaji ba kulawa a nahiyarmu, masana sun ƙiyasta rabi ko fiye ba sa kai shekara biyar.

A nan gida, alƙaluman da aka saba bayarwa sun ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da S. Ku zo mu yi lissafin bayan takarda, irin na ƴan lakwal. Idan ɗaya cikin huɗu ne, to a cikin aure 16 za a samu guda da miji da mata duka suke ɗauke da shi. A irin wannan aure, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Ke nan jariri ɗaya cikin sittin da wani abu. Ƙasarmu na haihuwar jarirai sama da miliyan guda a shekara. Ku raba da kanku. Dubbai ne, sun haura goma, kowace shekara ta Allah. Kuma ban sa auren zumunci a lissafin ba, wanda ke ƙara yiwuwar harafi ya haɗu da ɗan uwansa.

Ku lura da "kowane ciki". Akwai masu cewa tunda na fari ya zo da ciwon, uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ba ta tuna wadda ta gabata.

A unguwar da na tashi akwai wata baiwar Allah, muna ce mata Inna kamar yadda muke ce wa duk sa'ar uwa. Ƴaƴanta biyu suka rasu kafin su kai shekara uku. Kowanne da kumburin hannu da ƙafa ya fara, wajen wata shida ko bakwai, sai zazzaɓi, sai a wayi gari babu. Aka ce maita ce, aka ce iska ce, aka ce nononta ne ba shi da kyau. Dangin miji suka ce ita ce mai baƙar ƙafa, har ta yi zaman gidansu wata da watanni. Sai a na ukun wani lokotoro ya ce a yi wa yaron gwajin jini, a yi wa uwa, a yi wa uba. Uban ya ce shi lafiyarsa ƙalau, me zai kai shi? Da ƙyar ya yarda. Takarda ta fito: uwa AS, uba AS. Rabin abin daga wajensa yake, kamar yadda rabi yake daga wajenta. Yaron nan na uku yana nan da ransa, ya yi bak. Har yau ban ji wanda ya je ya ba Inna haƙuri ba.

Kumburin da ya fara a wata shida ɗin nan yana da dalili, kuma dalilin ne ya kai masana ga sabon maganin da kuka gani ana yaɗawa a Facebook. Jariri a ciki yana da nasa sinadarin jini na daban, na ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki yana kashe wannan a hankali ya kunna na manya, kuma a na manyan ne matsalar take. Sai masana suka ce: me zai hana a lalata makunnin da ke kashe na ɗan tayin? Suka yi amfani da wani almakashi na yanka ADN da ake kira CRISPR, wanda mata biyu, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, suka samu kyautar Nobel a kansa a 2020. Ingila ta amince da maganin a Nuwamba 2023, Amurka ta bi a Disamba. Sunansa Casgevy. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a gyara su a labo, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa ya share tsohon ɓargon, sannan a mayar masa da nasa da aka gyara. Makonni a asibiti, da haɗarin rasa haihuwa. Amma mafi yawan waɗanda aka yi wa sun daina samun tashin ciwon. Wannan shi ne ɗinkin tela na gaske, don ƙwayoyinka ba za su yi wa wani amfani ba.

Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum guda. Ya haura miliyar guda na sefa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata. Wanda ke kan wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi aikin shekara sama da 2,000.

Na ga yadda wasunku suka yi dariya, wasu suka girgiza kai. Duka biyun daidai ne. Amma ina tsoron abu ɗaya: kada wannan adadi ya zama mana uzuri, mu ce ilimin gado na masu kuɗi ne, mu naɗe hannu. Domin abin da ya raba yaron Landan da yaron Tillaberi ba Casgevy ba ne. Yaran Landan sun daina mutuwa shekaru da yawa kafin a ƙirƙiro shi.

Me ya cece su? Na farko, sanin harafin tun ranar haihuwa. Ɗigon jini daga dunduniyar jariri. Idan an san SS ne, tun yana wata biyu a fara ba shi fenisilin kullum har ya kai shekara biyar, saboda cutar na lalata saifa da wuri, ƙwayar cutar da wani yaro zai yi tari da ita ya warke shi sai ta kashe shi cikin yini guda. Wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 1986 ya nuna fenisilin kaɗai ya rage irin wannan kamuwa da sama da kashi 80 cikin 100. A haɗa da rigakafi, da gidan sauro, a koya wa uwa taɓa cikin yaro ta gane in saifa ta kumbura, a gaya mata zazzaɓi a jikin wannan yaro ba ya jiran gari ya waye. Ghana ta fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Yanzu kuma akwai ƴar takardar gwaji mai kama da ta gwajin zazzaɓi, ba ta son lantarki, kuɗinta ƴan daloli ne, cikin mintoci ta nuna A ko S ko C. A Gwagwalada kusa da Abuja an gwada haɗa ta da ranar rigakafin jarirai, abin ya yi aiki. Uwa ta riga ta zo da ɗanta, ba sai an sake kiranta ba.

Na biyu, wata ƙwaya mai suna haidiroksiyuriya. Tsohon magani ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsa irin na Casgevy ne a ƙaramin mataki: yana sa jiki ya ƙara yin sinadarin jinin ɗan tayi. An daɗe ana cewa ba zai yiwu a ba yaran Afirka shi ba, wai ga zazzaɓi ga tamowa ga rashin labo. Sai aka gwada shi a kan yara wajen 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda. Tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin cizon sauron da ake tsoro shi ma ya ragu.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Kano, don can gidanmu ne, yarensu yarenmu, sauronsu sauronmu. Kusan yaro ɗaya cikin goma mai SS yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20 in ba a yi komai ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna wane yaro ne ke bakin haɗari. A Amurka irin wannan yaro ana yi masa ƙarin jini kusan kowane wata. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Kaduna da na jami'ar Vanderbilt suka ce a nan ba za mu samu jinin ba, mu gwada ƙwayar. Suka bi yara 220, suka wallafa sakamakon a 2022: ƙaramin awo na haidiroksiyuriya ya kare yaran kamar yadda matsakaicin awo ya yi. Ku duba abin da suka yi. Yara duka SS ne, amma ba duka ke da haɗari iri ɗaya ba. An ware mai haɗarin, an ba shi abin da aljihun ubansa zai iya ɗauka. Ni a wurina wannan ma magani ne daidai jikin mutum, kuma a Kano aka ɗinka shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu a nan muna da Cibiyar Ƙasa ta masu emasi, CNRD, a Yamai, wadda aka kafa da tallafin ƙasar Monako fiye da shekara goma ke nan, kuma iyalai da yawa sun san darajarta. Amma ku tuna daga Difa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. Uwar da ke ƙauyen Magarya ko Dakwaro ba za ta hau mota da jariri don gwajin cutar da ba ta san yana da ita ba. Dole gwajin ya same ta a inda take haihuwa da inda take kai rigakafi. Sannan akwai maganar kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wadda ƙasa ta ɗauka tun 2006. Abu ne mai kyau. Sai dai ranar da yaro ya cika biyar, harafin da ke jininsa bai san an yi masa bikin zagayowar haihuwa ba. Daga nan ordonas ta koma wuyan uba, wata bayan wata, har ƙarshen rayuwa. Idan za mu nemi abu daga masu tsara kasafin kuɗi, mu nemi wannan da sunansa: gwajin jarirai a kowace materniti da kowace cibiyar lafiya, da haidiroksiyuriya a cikin magungunan da ƙasa ke saye da yawa ta sauke farashinsu.

Bari in ɗan ratse kan maganar ciwo, don akwai zalunci a ciki. Kodin da tiramol ba sa aiki sosai sai hanta ta juya su, kuma ƙarfin wannan juyi gado ne. Wani hantarsa ba ta juyawa, ya sha kamar ya sha ruwa. Wani tana juyawa da sauri har abin ya yi masa yawa. To ga matashi mai emasi ya zo asibiti ƙarfe biyun dare yana birgima, ya ce maganin da aka ba shi bai yi ba. A garin da tiramol ya lalata samari da yawa, kallon farko da ake yi masa na ɗan ƙwaya ne. Ma'aikacin da ya san cewa jiki ya bambanta zai canza magani. Wanda bai sani ba zai canza fuska.

Wani zai ce to Casgevy fa, mu haƙura da shi har abada? Ni ban haƙura ba, kuma dalilina sanƙarau ne. Iyayenmu na baya sun tuna annobar 1995 da 1996. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka tambayi ƙasashen Sahel nawa za su iya biya, aka tsayar da farashi tun kafin a ƙera rigakafin: ƙasa da rabin dala kowace allura. Aka nemi kamfanin da zai yi a haka, aka samu a Indiya. A Disamba 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, kuma sanƙarau nau'in A ya kusan ɓacewa. Farashi abu ne da mutane ke zama su yanke. A 2019 Gidauniyar Gates da cibiyar binciken lafiya ta Amurka sun yi alƙawarin dala miliyan 200 don neman irin wannan magani na gado mai araha. Ranar da zai zo, ƙasar da ta san su wane ne marasa lafiyarta, tana da rajistarsu da bankin jini da ƙwararru, ita za ta fara amfana.

Kuma binciken zai buƙaci jininmu, a nan ne nake so mu buɗe ido. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Tabon wannan abu ya taimaka wajen sa mutane gudun rigakafin shan inna bayan shekaru. Jini kuwa ya fi haka nauyi, don littafinka ba naka kai kaɗai ba ne, rabinsa na uwarka ne, rabinsa na ɗanka. Ina goyon bayan bincike, ina so sunan Nijar ya shiga cikin alƙaluman nan. Amma duk wanda ya zo ɗibar jini, a tambaye shi: ina za a kai shi, wa zai riƙe bayanan, har zuwa yaushe, ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni da masanan CERMES suna cikin aikin ko masu ɗauko kwalba ne kawai? Kuma takardar yarda a karanta wa mutum ita da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamashek, da Barbarci. Dangwala yatsa a kan Faransancin da ba ka ji ba yarda ba ce. Muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, sai mu sa ta aiki a nan.

Saura maganar da na san saboda ita rabinku kuka zo: aure. Jihar Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na nau'in jini. Na fahimci niyyar. Amma gwajin da aka yi saura mako guda biki, an kai sadaki, an ɗinka anko, dangi sun taho daga Damagaram, wannan gwaji ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin ne ake samun mai ɓoye takarda da mai neman a canza masa ita. Lokacin sani shi ne tun ana kolej ko lise, kafin zuciya ta kama wani. Wanda ya san shi AS ne tun yana shekara 15, tambayar za ta zo masa da sauƙi a farkon hira. Idan kuma AS biyu sun sani, an yi musu bayanin ɗaya cikin huɗun nan sun gane, shawara tasu ce da iyayensu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne takardar ta zama tambarin wulakanci, a ce ƴar gidan wane SS ce kada a je. Mai SS da ta auri AA, babu ɗanta ko guda da zai zo SS.

Kuma in za ku yi gwajin, ku san wanda za ku nema. Akwai tsohon gwaji da ake kira na Emmel, wanda ke duba ko jini na lanƙwashewa kawai. Ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. C wani canji ne a daidai wannan gurbi, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, muna da shi a nan ma. Mutum zai iya karɓar takarda an rubuta babu, alhali AC ne. Ya auri AS, su haifi SC, wanda ciwonsa kan yi sauƙi a yarinta amma yakan taɓa ido da ƙashin ƙugu in an girma. Ku ce elektoroforez kuke so. Takardar ta fito da haruffa biyu ƙarara, AA ko AS ko AC, ku ɗauki hotonta ku ajiye a waya, don ba ta canzawa har abada.

Na ga mai riƙe da lokaci yana ɗaga mini hannu. Ƴar uwa ta can gefe, ke kika fara ɗaga yatsa, bismillah.